Tambayoyinku: Tsohon mashayi zai iya riƙe wa ƙanena igiya?

Wasiƙu biyu na zaɓo a wannan watan, domin duk a gindin dutse ɗaya suka haɗu. Na ɗan rage musu tsawo, na kuma cire sunaye kamar yadda muka saba.

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ina da ƙane ɗan shekara 24 wanda ya shafe kusan shekara biyar yana shan tiramadol da maganin tari mai kodin. Mun kai shi asibiti ya yi wata uku, yau wata biyu ke nan da sallamo shi. Bai koma ba, alhamdulillahi, amma kullum yana ɗaki, ba fira, ba dariya, kamar an zare masa laka. Ma'aikaciyar jinyar da ke bibiyarsa ta ce mu sa shi cikin wata ƙungiya da ke fita da masu murmurewa: hawan dutse da igiya, tuƙin kwale-kwale, doguwar tafiyar ƙasa da kwana a tanti. Da muka bincika sai muka ji masu jagorantar fitar su ma tsofaffin mashaya ne, wasu kuma sun taɓa kwanciya saboda ciwon ƙwaƙwalwa. Mahaifiyarmu ta ce sam, hali zanen dutse ne, kuma zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ni na rasa tudun dafawa. Shin wannan magani ne ko yawon shaƙatawa? Kuma ta yaya wanda shi ma ya faɗi zai ɗaga wani?

Daga yayar wani matashi

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ƙara wa ƙanenki lafiya, ku kuma ya saka muku da alheri a kan ɗawainiyar da kuka sha.

Gara ki san wanda ke ba ki amsa tun daga farko, don ki san ma'aunin da za ki auna maganata da shi. Mutanen nan da Mama ke tsoro, ni ɗaya ne daga cikinsu. Shekara 7 na yi ina shan ƙwaya, yau shekara 11 rabona da ita, kuma shekara 6 ke nan ina jagorantar irin wannan fita.

Zaman ɗakin da kika ambata ya fi dutsen tayar mini da hankali. Dangi kan ɗauka da an sallamo mutum daga asibiti shi ke nan, alhali tsugune ba ta ƙare ba. Ƙwayoyi irin su tiramadol da kodin suna sa ƙwaƙwalwa ta riƙa ambaliya da wani sinadari da likitoci ke kira dofamin, wanda ke sa mutum ya ji abu ya yi masa daɗi har ya so maimaitawa. Da ambaliyar ta yi yawa, sai ƙwaƙwalwa ta rage ƙofofin da take karɓarsa da su. Ranar da mutum ya daina sha, ambaliya ta ɗauke, ƙofofin kuwa ba su gama buɗewa ba. Shi ya sa komai ke zama lami. Fira lami, wasa lami, albishir ma ya zo ya wuce kamar ba da kai ake ba. Yakan ɗauki watanni kafin ɗanɗanon rayuwa ya dawo. In shirun ya yi tsawo, ko kika ji yana cewa ya gaji da duniya, kada ki jira wata ƙungiya, ki mayar da shi wurin likita a ranar, domin ciwon damuwa kan laɓe a bayan irin wannan zaman.

Sannan ga lokaci. Mai shan ƙwaya ba ya rasa aikin yi: neman kuɗi, neman mai sayarwa, neman maɓoya, tsara ƙaryar da za a faɗa a gida. Yanzu an raba ƙanenki da wannan duka, an ce ya rabu da abokansa, an bar shi da awa 16 a farke da bango huɗu. Cibiyar binciken shaye-shaye ta gwamnatin Amurka, NIDA, ta ƙiyasta cewa kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na waɗanda aka yi wa magani sukan koma ruwa, kwatankwacin yadda ciwon masu hawan jini ko asma ke sake tashi. A cikin waɗanda na sani da suka koma, ba mugun aboki ne ya fara jan yawancinsu ba. Kaɗaici ne ya fara, abokin daga baya ya zo.

To me dutse zai yi masa? Bari in gaya miki abin da ya yi mini.

Ranar farko da aka kai ni, ina da wata huɗu da dainawa, raina a ɓace, don gani nake wasan yara aka kawo ni. Aka ɗaura mini ɗamara a ƙugu da cinyoyi, aka kifa mini hular kwano, aka ƙulla igiya a gaban ɗamarar da wani ƙulli mai kama da lamba 8. Igiyar ta haura can saman dutsen, ta ratsa ƙugiyar ƙarfe, ta sauko hannun wani siririn mutum mai giɓi, wanda ya gaya mini ba tare da na tambaye shi ba cewa shekara 9 ya yi yana allurar hiroyin. Na dube shi sama da ƙasa, na ce a raina, wannan ne zai riƙe rayuwata? Mita shida ko bakwai na hau, ƙafata ta dama ta kama rawa kamar ta tela a kan keken ɗinki. Tafin hannu ya jiƙe, maƙogwaro ya bushe, ƙirji na dukan uku-uku, ba abin da kaina ke cewa sai a sauka, a sauka yanzu. Na yi ihu a sauke ni. Bai yi mini gardama ba, bai kuma yi mini kirari ba. Cewa ya yi, "Igiya na hannuna, in ka sake cewa sauka, zan sauke ka. Amma tsaya, abin nan da kake ji a jikinka, ka taɓa jin irinsa a wani wuri?" Na yi shiru. Wallahi shi ne, sak abin da nake ji da ƙarfe biyun dare in jarabar ƙwaya ta taso. Ya ce, "To ja numfashi goma, ƙirga da ƙarfi in ji." A na bakwai ƙafar ta lafa. Ban kai sama ba ranar. Taku biyu na ƙara, na ce ya isa, ya sauke ni ba tare da ƙarin magana ba.

Likita ya sha gaya mini cewa jaraba takan taso ta kai ƙololuwa ta kwanta da kanta, ko ka sha ko ba ka sha ba. Wani masanin halayyar ɗan'adam na Jami'ar Washington, Alan Marlatt, ya kwatanta ta da igiyar ruwa wadda ake koyon hawa har ta wuce. Duk na ji da kunne, ban yarda ba. A jikin dutsen ne na tsaya cak a tsakiyar tsoro, ban gudu ba, na ga ya kwanta a idona. Jiki magayi. Bayan kwana uku jarabar ta zo da dare, na zauna a bakin gado na ƙirga numfashi goma da muryar mai giɓin nan a kunnena.

Abin da ya fi wannan kuwa a mako na biyar ya faru, ranar da aka ce ni zan riƙe wa wani. A gidanmu a lokacin, in na shigo ɗaki sai ka ga ana tattara wayoyi da jakunkuna a fakaice. Ban ga laifinsu ba, ni na koya musu. Shekara 7 ba wanda ya ba ni ajiyar ko makulli. Sai ga wani ƙato da ya fi ni nauyi nesa ba kusa ba, ya duba ƙugiyata, na duba ƙullinsa, ya ce "Ka riƙe?" na ce "Na riƙe." A tsakiyar hawa ya zame. Igiya ta miƙe, ɗamara ta fizge ni gaba, hannuna na dama ya danne igiyar ƙasa kamar yadda aka koya mini, sai ga shi yana lilo a sama yana dariya. Akwai jagora a bayana riƙe da wutsiyar igiyar, ko da na saki ba zai faɗo ba, haka ƙa'ida take ga sabon hannu. Amma ban saki ba. Da ya sauko ya dafa kafaɗata ya ce na gode, sai na ce zan je in duba takalmina, na zagaya bayan wani dutse na yi kukan da ban yi ba tun ina asibiti.

A 1977 wani masani na Jami'ar Stanford, Albert Bandura, ya yi bayanin inda mutum ke samo yardar cewa zai iya abu. Mafi ƙarfi, a cewarsa, shi ne mutum ya yi abin da kansa ya ga ya yi. Sai kuma ya ga wani irinsa ya yi. Ƙarfafa gwiwa da baki tana baya da waɗannan. Mu kuwa a gida, abin da muka fi yi wa mai murmurewa shi ne na bakin: nasiha da safe, nasiha da dare. Fita irin wannan tana ba shi na farko, jagoran da ya taɓa shiga halin kuma shi ne na biyu, a tsaye da ƙafafunsa. In likita ya ce wa ƙanenki zai warke, zuciyarsa za ta ce ai aikinka ne ka faɗi haka. In ke kika faɗa, za ta ce ai yayata ce. In mai giɓi ya faɗa, ba ta da amsa.

Akwai kuma abin da ba a koyo a aji. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Bayan kowace fita mukan zauna a da'ira mu tattauna abin da ya faru, wa ya ji tsoro, wa ya yi fushi da aka juya kwale-kwale ba yadda yake so ba, wa ya ƙi neman taimako da jakarsa ta yi masa nauyi, da kuma inda wannan halin ke fito masa a gida. A wani zama akwai wani yaro da ko me aka tambaye shi sai ya ce lafiya lau. Amma sau uku ya tambaye ni ƙarfe nawa za mu koma, hannunsa kuma ba ya barin aljihun da wayarsa take. Ban tuhume shi ba. Na ce wa jama'a, ni fa a watana na uku ina nan da lambar mai sayar mini, na ajiye ta da sunan makanike. Aka bushe da dariya, wani ya ce shi da sunan kawu ya ajiye tasa. Yaron ya sunkuyar da kai, can ya ce tasa mai gyaran waya ce. A gabanmu ya goge ta. Da ke kika gano lambar, da rigima za a yi, ya rantse ya maya. Kunya ce ke rufe bakin mai shaye-shaye, a cikin waɗanda suka yi irin abin da ya yi kuwa ba ta da wurin zama.

Kada Mama ta ɗauka sabuwar bidi'a ce aka ƙirƙiro jiya. Kusa da birnin Paris na Faransa, wani mai suna Jean-Baptiste Pussin ya shiga asibitin Bicêtre a matsayin majinyaci, ya warke, a 1784 aka ba shi shugabancin sashen masu taɓin hankali. Ya riƙa ɗaukar waɗanda suka warke aiki, domin ya lura sun fi tausayin marasa lafiyar, ba sa saurin kai musu hannu. Shahararren likita Philippe Pinel, wanda ya zo asibitin a 1793, ya koyi abubuwa da dama a wurinsa. Ita kuwa tarbiyya ta hanyar fita daji da teku, makarantar Outward Bound ce ta yi mata suna. Kurt Hahn da wani mai jiragen ruwa, Lawrence Holt, suka kafa ta a 1941 a garin Aberdyfi na yankin Wales a Birtaniya, don horar da matasan ma'aikatan jirgi su iya jure wuya a lokacin yaƙin duniya na biyu. Daga baya hanyoyin biyu suka haɗe. A 2006 Scott Strode, wanda shi kansa hawan dutse da dambe suka taimaka masa ya rabu da giya da hodar iblis, ya kafa wata ƙungiya a jihar Kolorado ta Amurka, wadda yanzu ake kira The Phoenix. Shiga kyauta ne, sharaɗinta ɗaya: mutum ya yi awa 48 bai sha komai ba. Jihar Jojiya ta Amurka kuma tun 2001 take horar da waɗanda suka taɓa ciwon ƙwaƙwalwa, ta ba su takardar shaida, su yi aiki da albashi a cikin tsarin kiwon lafiya.

Amma kada in cika ki da daɗin baki, tunda na gaya miki ina da hannu a ciki. A 2013 cibiyar Cochrane, wadda ta yi suna wajen tace binciken lafiya, ta duba gwaje-gwaje 11 a kan sa tsofaffin majinyata aiki a fannin lafiyar ƙwaƙwalwa. Abin da ta gano shi ne marasa lafiyar da tsofaffin majinyatan suka kula da su ba su fi waɗanda ƙwararru suka kula da su a irin aikin samun sauƙi ba, ba su kuma gaza su ba. A shekarar dai, wasu masu bincike biyu a Ostareliya, Bowen da Neill, suka tattara nazari 197 a kan jinya ta hanyar irin wannan fita, suka sami amfani matsakaici. Matsakaici, ba mu'ujiza ba. Don haka amsar tambayarki ta farko ita ce: ba yawon shaƙatawa ba ne, ba kuma madadin asibiti ba ne. Likita da magani suna nan a matsayinsu, wannan kuwa shi ke cike ranakun da ke tsakanin ganin likita da ganin likita. Fita sau ɗaya ma ba ta isa. Na ga waɗanda suka dawo daga kwana biyar a daji fuska na sheƙi, bayan mako biyu suka koma gidan jiya, saboda dutse ba ya biyo mutum gida. Ƙungiyar da ke haɗuwa kowane mako, ko da tafiyar awa biyu ce kawai, ta fi wadda ke shirya gagarumar tafiya sau ɗaya a shekara.

Yanzu ga inda Mama take da gaskiya, kuma ba kaɗan ba. Shan wahala ba takardar shaida ba ce. Mutum zai iya sanin jaraba ciki da bai, amma bai iya ƙulla igiya ba, ko ya iya igiya amma bai iya riƙe bakinsa ba. Akwai kuma wuraren da ke fakewa da sunan tarbiyya a daji su azabtar da yara. A 2007 ofishin binciken ayyukan gwamnati na Amurka ya fitar da rahoto a kan irin waɗannan sansanoni na matasa, inda ya kawo zarge-zargen cin zarafi masu ɗimbin yawa da mace-mace, wasu saboda ƙishirwa da zafi, a hannun ma'aikatan da ba su da horo, waɗanda suka ɗauka yaran ƙarya suke yi. Saboda haka ki je da ƙafarki ki zauna da shugabansu. Ki tambaye shi shekararsa nawa da dainawa, da horon da ya samu, na igiya da ruwa daban, na tallafa wa mai murmurewa daban. Ki tambayi wane ƙwararre ne ke sa ido a kan aikinsu, wa ya iya agajin gaggawa, mutum nawa jagora ɗaya ke kula da su, da abin da suke yi in wani ya zo a buge. Ki nemi ganin kayan aikin, ki ga ko kowa na samun rigar ceto kafin a shiga ruwa. Tambayar da na fi so kuwa ita ce: in jagora ya koma ruwa fa? Wanda ya ce miki hakan ba zai taɓa faruwa ba, ki tashi ki kama gabanki. Mai gaskiya zai ce miki akwai tsari, za a janye shi daga aiki, a taimaka masa, a kuma gaya wa 'yan ƙungiya gaskiya.

Ta ɓangarenku kuma, kada ku ɓoye musu komai na lafiyarsa. Tiramadol na iya jawo jijjiga, don haka in ya taɓa yi, dole su sani kafin su sa shi a ruwa ko a sama. In yana shan maganin ciwon ƙwaƙwalwa, likita ya san da tafiyar, domin wasu magungunan suna hana jiki jure zafi, wani daga cikin magungunan ƙwaƙwalwa mai suna lithiyam kuma yakan zama guba in ruwan jiki ya yi ƙasa. Duk ƙungiyar da ta ce ya ajiye maganinsa iskar daji ta ishe shi, ba ta san aikinta ba. Sannan ki riƙe wannan ko da bai je ko'ina ba: bayan wata biyar ba sha, jikinsa ya manta da yawan da ya saba. In tsautsayi ya sa ya koma ya sha daidai na da, numfashinsa na iya tsayawa. Ki tambayi likita game da naloksan, maganin da ke farfaɗo da wanda irin waɗannan ƙwayoyi suka danne wa numfashi.

Na karanta wasiƙarki sau uku. Na ji ra'ayin Mama, na ji na ma'aikaciyar jinya, na ji naki. Nasa ne ban ji ba. A wannan aikin muna da wata ƙa'ida da muka gada daga ƙungiyar Project Adventure, mai koyarwa ta hanyar irin wannan fita, wadda aka kafa a 1971 a jihar Massachusetts ta Amurka: mutum shi ke zaɓar iya inda zai kai. Ba a tura kowa, ba a yi wa kowa dariya, wanda ya ce yau a ƙasa zai tsaya ya naɗe igiya, shi ma ya yi aikin ranar. Dalili kuwa, ƙwaya ta ƙwace masa zaɓi shekara biyar, asibiti ya riƙe masa shi wata uku, in ku ma kuka ɗora shi a mota kamar kaya, ba abin da ya canza sai mai riƙe da akalar. Ki gaya masa abin da ake yi, ki ce ya je sau ɗaya ya gani, in bai yi masa ba ya bari. Mama kuma ki gaishe ta, ki roƙe ta ta raka ki ranar da za ki gana da shugaban, tunda gani ya kori ji. Tawa mahaifiyar sai da ta shekara biyu kafin ta daina ƙirga kuɗin jakarta in na fita daga ɗaki, ban kuma taɓa ce mata ta daina ba.

TAMBAYA

Malam, barka da aiki. Watana 8 da daina shaye-shaye, kuma fita da ƙungiya ce ta tsamo ni. Ina son in zama jagora ni ma, amma shugabanmu ya ce in dakata. Na ji haushi, don gani nake na fi wasu jagororin iya hawa. Shin ba tauye ni yake yi ba?

Daga ƙanenka a tafiya

AMSA

Ƙanena, barka da wata takwas, ba ƙaramin abu ba ne. Sha'awar da kake ji kuma mai kyau ce. A 1935, a garin Akron na jihar Ohayo ta Amurka, wani mashayi da ya daina sha mai suna Bill Wilson ya ji jarabar giya ta taso masa a wani otal bayan cinikin da ya je yi ya rushe. Maimakon ya shiga mashaya sai ya nemi a haɗa shi da wani mashayi ya yi masa magana, don ya ceci kansa. Aka haɗa shi da wani likita mashayi, Bob Smith, daga nan ƙungiyar Alcoholics Anonymous, ta mashaya masu taimaka wa juna su daina, ta samo asali. A 1965 masanin zamantakewa Frank Riessman ya yi rubutu a kan wannan, cewa sau da yawa mai taimakon yakan fi wanda ake taimaka wa amfana. Ni shaida ne.

Duk da haka shugabanku ya yi daidai. Wurare da yawa sukan nemi shekara ɗaya zuwa biyu kafin su ba mutum jagoranci, ba don raini ba. Iya hawa shi ne mafi ƙanƙantar aikin. Jagora ma yawanci a ƙasa yake, wuyansa a ɗage, yana kallon wani na hawa.

A shekarata ta farko ta jagoranci, wani dare a zango, na kwashe minti 20 ina ba da labarina. Na ji daɗin yadda aka yi tsit ana saurarena, har na shiga kwatanta yadda ƙwayar ke ratsa jiki in ta fara aiki. Da safe wani ya ja ni gefe ya ce, "Yaya, jiya ka sa yawuna ya tsinke, ban runtsa ba." Tun ranar na gane labarina kayan aiki ne, ana ciro guntun da wani ke bukata a mayar da sauran aljihu. Wannan sai an koya maka. Haka za a koya maka abin da za ka ce in ɗan ƙungiya ya nemi rance, ko ya kira ka ƙarfe ukun dare karo na biyar a mako, ko wata da kake jagoranta ta fara sonka. Mafi nauyi kuma, ranar da wanda ka fi sa wa rai zai koma ruwa. Nawa ya koma a wata na shida, na ɗora wa kaina laifin, na yi kwana huɗu ina zagaya layin da na san ana sayarwa. Abin da ya tsare ni shi ne ina da wadda nake kai wa rahoton aikina duk mako, ta dubi idona ta ce in ajiye igiya wata guda. A wata takwas, da ban tsallake ba.

Ka koma wurin shugabanku ka ce ya ba ka ɗaukar kaya da naɗe igiya, ka riƙa tsayawa a bayan mai riƙewa kana kallon hannunsa. Ka yi kwas na agajin gaggawa, in ba ka iya iyo ba ka koya. Ka nemi guntuwar igiya mita biyu ka ajiye a gefen gado, ka riƙa ƙulla lamba 8 har sai ka iya da ido a rufe. In ka cika shekara ka sake rubuto mini, ka gaya mini abin da ya ce.